Turken Sarkin Ruwa

Shafi na 19

Na Altine Aliyu Warra

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi.

Ku yi haƙuri da jinkiri, kwana huɗu ba wuta a unguwarmu, sai yau na samu caji a bakin tasha. Masu cewa Zulai ta cika shiru, ku karanta na yau tukuna.

Ga wanda bai faro da mu ba: Baba Magaji shi ne Sarkin Ruwan Tungar Kada. Duk damina idan ruwa ya fara hawa, shi ke kafa turke a bakin Lungun Uwa, inda kifi ke shiga ya zuba ƙwai. Muddin turken na tsaye ba mai jefa ko ƙugiya a lungun, sai bayan wata uku ya cire shi da hannunsa. Shekara biyu ke nan da idonsa ya mutu. 'Yarsa Zulai ce idonsa, ita ce kuma shugabar mata masu bandar kifi. Yau babban ɗansa Haliru ya kawo su wani taron sirri a lambun Alhaji Ɗanbaba, a bayan Yelwa.

*

Tun a ƙofar lambu aka karɓe wayoyi.

Wani ƙato mai jan ido ya miƙo roba irin wadda ake wanke kifi a ciki, kowa ya jefa tasa.

Zulai ta ce, "Har ta Baba? Ƙarama ce fa, ko hoto ba ta ɗauka."

"Umarnin Alhaji ne."

Haliru ya yi tsaki. "Ki ba shi mana, Zulai. Kada ki fara tun daga ƙofa."

Ta kalle shi. Sabuwar shadda ya sa, da hula mai aiki, amma hannunsa na dama naɗe yake da bandejin da ya yi dauɗa. Kwana tara ke nan. Ya ce ƙayar kifin kurungu ce ta soke shi, ya kuma ƙi yarda ta duba.

Ta jefa wayar Baba a robar, ta riƙe hannunsa suka shiga.

Sabuwar rumfa ce ta zana a gaban ruwa, an shimfiɗe ta da darduma. Maza sun kai ashirin. Ita kaɗai ce mace.

Alhaji Ɗanbaba, mai lambun, ya taso da kansa. Shi ne babban dillalin kifi a kasuwar Yelwa, mai jiragen inji bakwai. Ya durƙusa har ƙasa, cikinsa na tokarar gwiwarsa.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa! Uban masunta! Yau lambun nan ya yi albarka."

"Ɗanbaba na? Muryarka ta yi ƙiba."

Aka yi dariya. Aka zaunar da Baba a kusurwa, kusa da dirkar rumfa. Zulai ta zauna a bayansa, a bakin darduma, ta ja gyalenta.

Ta raɗa masa, "Honorabul Tanko na damanka, tsohon kansilan nan na ɓangaren Ngaski. Malam Sulaiman na Shanga na hagu, mai wa'azin ranar kasuwa."

"Su ukun wuri guda?"

"Wuri guda, Baba."

"To, ikon Allah."

Ya cancanci mamaki. A zaɓen da ya wuce kowanne cikin ukun nan ya tsayar da nasa, ƙuri'ar dattawa ta rabu uku, ɗan takarar matasa ya haye. Tun ranar ko gaisuwar mutuwa ba su yi wa juna ba.

Malam Sulaiman ya buɗe da addu'a mai tsawo. Honorabul Tanko ya miƙe, ya gyara babbar riga, turarensa ya gauraya da ƙarnin bakin ruwa.

"Dattawa, abin da za mu faɗa a nan, a nan zai mutu. Mu ne masu riƙe da gadon iyaye. Mu ne muka san girman na gaba. Yaran nan na waya sun raba mu, sun hau kujera. Yau yaro zai wuce dattijo da takalmi a ƙafa. Gobe za su ce ba Sarkin Ruwa, ba Sarkin Noma, sai kwamiti. Za mu zuba ido?"

"Ba za mu zuba ba!"

Malam Sulaiman ya ɗaga yatsa. "Ku dubi bawan Allah nan. Shekara arba'in yana kafa turke a Lungun Uwa, bai taɓa fashi ba. Wannan shi ne gadon da muke magana. Wannan shi ne abin da za mu mutu a kansa."

"Allahu Akbar!"

Baba ya sunkuyar da kai. Zulai ta ga ya ji daɗi, ita ma har zuciyarta ta ɗan yi sanyi.

Alhaji Ɗanbaba ya ce, "Amma Honorabul, kafin mu haɗe, ka tuna ka ce min mai shan jinin masunta, a lasifika, ranar kasuwa?"

"Kai kuma ka ce ni ɓarawon taki ne."

"Ban ce ɓarawo ba. Na ce taki ya shiga hannunka bai fito ba."

"Ai ruwan sama ne ya narkar da shi!"

Suka tafa, suna ƙyaƙyatawa har da hawaye. Zulai ta tuna shekarar takin. Gonar shinkafar Inna Talatu maƙwabciyarsu ko buhu biyu ba ta yi ba. Yau abin dariya ne.

Sai aka fara rabo.

Honorabul Tanko zai tsaya takarar shugaban ƙaramar hukuma, kowa ya mara masa. Ɗalibin Malam Sulaiman zai yi mataimaki. Kansila kuma na mazaɓar bakin ruwa, Haliru Magaji.

Aka yi tafi. Haliru ya sunkuyar da kai yana murmushi, shi bai tafa ba saboda hannun.

Baba ya juya wajen muryar mai faɗar rabon. "Haliru na? Bai hwaɗa min ba."

"So muke ka ji daga bakin manya, Baba."

Zulai ta jira ta ji rabon mai lambu. Ta san Alhaji Ɗanbaba. Ko kan tarwaɗa bai taɓa bar wa mai banda kyauta ba.

Ya shafa gemu. "Ni ba na son kujera. Na janye don Allah, don haɗin kai. Abu ƙarami kawai na roƙa, 'yan'uwa sun ce sai an ji ta bakin Sarkin Ruwa."

"Ina ji."

"Tafiyar nan tana son hidima. Mai a jirgi, mai a babur, abinci ga jama'a. Shi ne muka ce bana, bana kaɗai, a cire turke da wuri. Yarana su ja dala a Lungun Uwa na 'yan makonni."

Zulai ta ji kamar an watsa mata ruwan wankin kifi a fuska.

Baba ya ce, "Dala? Tarun nan mai ido kamar gidan sauro? Wanda ka kwashe uwa, shi kwashe ɗiya, shi kwashe har ƙwai da taɓo?"

"Bana kaɗai, ranka ya daɗe."

"In an kwashe bana, mi za a kama baɗi?"

Honorabul ya ce, "Baɗi muna kan mulki, Sarkin Ruwa. Har injin jirgi za a raba."

"Inji za a soya a ci?"

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta da sauri.

Malam Sulaiman ya gyara murya. "Sarkin Ruwa, mu duba da ilimi. Turke dai itace ne. Ba aya ba ne, ba hadisi ba ne. Al'ada ce kawai, kuma lalura tana ɗage al'ada."

Zulai ta ɗaga kai ta kalle shi. Bakin nan ne, bai ko bushe ba, ya gama cewa a kan turken za su mutu.

Ni kaina da nake rubutawa sai da na ajiye waya na yi tsaki.

Baba ya ce, "Wata guda turkena ya yi. Saura biyu. Ku yi haƙuri."

Alhaji Ɗanbaba bai nuna ya ji haushi ba. Ya tafa hannu. "Ba a yanke magana da yunwa. A kawo abinci!"

Aka shigo da tuwon shinkafa da miyar kuka. Aka shigo da gasasshiyar karfasa. Daga ƙarshe aka shigo da manyan farantai guda uku a rufe, aka jera a tsakiya.

Alhaji ya buɗe da kansa, yana kallon fuskokin baƙi.

"Wannan na manya ne. Ko a Birnin Kebbi ba kowa ke ganin irinsa ba."

Ƙwan kifi ne. Soyayye, jawur, an tula shi kamar dambu, mai na tsatsafowa ta gefe.

Zulai ta ƙura wa farantan ido. Ta kasa ɗaukewa.

Maza suka afka. Honorabul Tanko ya naɗe hannun riga, ya cika tafi ya tura a baki, mai na bin gemunsa yana ɗiga a kan aikin rigar. Malam Sulaiman ya yi bisimilla da ƙarfi ya ja faranti gabansa. Ba ka jin komai sai taunawa da tsotsar yatsu. Ƙudaje suka taso daga bakin ruwa suka sauka, ba mai korarsu.

Haliru kaɗai bai miƙa hannu ba. Tuwo yake juyawa da cokali a hagu.

Ba a cin mai daɗi a bar dattijo, ko Alhaji ya san wannan. Ya ɗebo a kwano ya kawo gaban Baba da hannu biyu.

"Naka ne na farko da ya kamata, ranka ya daɗe."

Zulai ta matsa. "Baba, kada ka ci."

"Mi na na?"

Ya lalubi kwanon, ya ɗauki kaɗan, ya murza tsakanin yatsu biyu. Ya kai hanci. Ya ɗora a harshe.

Bai haɗiye ba. Ya tofar a tafin hannunsa.

"Ɗanbaba."

"Ranka ya daɗe."

"Wanga ƙwan kihi na."

"Shi ne. Na tarwaɗa da ragon ruwa. Yara suka samu a tsakiyar ruwa, can ƙetare."

"Zulai, hwaɗa min yawansa."

Ta ce, "Faranti uku ne, Baba. Irin na biki, mai ɗaukar mutum goma. Kowanne a cike."

Taunawa ta ragu.

Alhaji ya yi dariya. "Albarkar ruwa ce. Ɗiyata, ke ma matso ki ci."

Zulai ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ita da ko a taron mata sai an ce ta ɗaga murya.

"Alhaji, shekara goma sha biyar ina feɗe kifi. A wannan watan, in ka sayi daro guda na tsakiyar ruwa ka samu uwa biyu masu ƙwai, ka yi sa'a. Don duk uwayen suna Lungun Uwa. Wannan da ke gabanku cikin uwa ɗari nawa ne?"

"Ke!" Honorabul ya nuna ta da yatsa mai maiƙo. "Wa ya ba ki izinin magana? Taron maza ne wannan. An kira ki ne ki ji, ki je ki faɗa wa matanki inda za su dangwala. A gadon iyaye mace ba ta tsayawa a kan dattawa."

Zulai ta ce, "Honorabul, goge bakinka tukuna. Gadon iyayen ne ke zuba a rigarka."

Wani tsoho a baya ya ƙware da tuwo.

Haliru ya taso. "Zulai, zauna! Ba ki da kunya ne?"

"Yaya, kai me ya hana ka ci?"

"Cikina ke ciwo."

Baba ya goge hannunsa a gefen darduma a hankali. "Shina ƙamshin burugu. Kihin da ya kwana cikin ciyawar lungu, ko an soya shi da man shanu ni ka gane shi. An shiga lunguna."

Alhaji ya dafa ƙirji. "Subhanallahi! Sarkin Ruwa, wane masunci ne zai jefa taru turkenka na tsaye? Ko yarana da na ɗauko daga nesa ba za su yarda ba, ka sani. Turke na nan. Tambayi ɗanka."

"Haliru?"

"Yana nan, Baba. Jiya da la'asar na wuce, na gan shi da jan ƙyallensa."

Zulai ma ta gan shi shekaranjiya daga nesa, lokacin da take dawowa daga Warra a kwale-kwale. Ja na kaɗawa a bakin lungu. Abin ya ɗaure mata kai.

Malam Sulaiman ya tsotse babban yatsansa ya ce, "Ka gani? Zato zunubi ne. Mu koma kan maganar haɗin kai."

"Ku haɗe abinku," in ji Baba. "Zulai, kai ni gida."

Ta sunkuya za ta kama shi, amma ta kasa ɗaga shi. Baba ya miƙa hannun hagu yana laluben abin dafawa. Hannun ya faɗa kan dirkar rumfar da ke kusa da shi. Ya kama, ya yunƙura, ya miƙe.

Sai bai saki ba.

"Baba, mu je."

Babban yatsansa na tafiya a jikin itacen, yana hawa a hankali, yana tsayawa, yana hawa. Leɓensa na motsi.

Zulai ta kalli dirkar. Sauran guda biyar ɗin duk sabon icen darbejiya ne, fari. Wannan baƙa ce, tsohuwar giginya, an shafe ta da taɓo. Inda yatsan Baba ya bi, taɓon ya ɓare. Tsage-tsage ne a jere, ɗaya bisa ɗaya.

"Talatin da tara," in ji Baba. "Arba'in. Arba'in da ɗaya."

Ya dafa tsagar da ke can sama.

"Wagga ta ƙarshe ni na tsaga ta da wuƙata, ranar da muka kahwa shi bana. Ta karkace, don ban gani. Na ƙasan nan masu giciye na mahaihina na."



Yanzu Zulai ta gane komai. Wanda ke bakin lungu gora ce aka ɗaura wa jan ƙyalle don masu wucewa. Turken gaske sai da aka tumɓuke shi kafin masu dala su yarda su shiga. Kuma duk bakin ruwan nan an taso da cewa wanda ya karya turken, ko ya ƙona shi, ko ya yar da shi a ruwa, jirginsa ba zai ƙara kaiwa gaɓa ba. Mai jirage bakwai ba zai gwada ba. Ya rasa inda zai kai shi, ya kafa rumfa a kai, ya ce ai tsoho ba ya gani.

Su kuma suka zauna a inuwarsa suna cin ƙwai.

Zulai ta toshe baki da gyale.

"Ranka ya daɗe," in ji Alhaji, "bari in yi bayani. Ajiye shi muka yi, don kada ya lalace..."

"Ban tambaye ka ba. Kai ba ka iya taɓa shi, tsoro ba ya barinka. Daga Yelwa har Warra babu mai sa hannu ga turken ga in ba jinin gidana ba."

Ya juya fuskarsa, daidai inda Haliru yake, kamar mai gani.

"Kawo hannunka."

"Baba, ciwo ne da shi."

"Na sani. Kawo."

Haliru ya mai da hannun bayansa. Zulai ta tako ta kama shi. Ya fizge, ta sake kamawa, bakin bandejin ya zo hannunta, ta ja. Ya warware ya faɗi a kan darduma.

Tafin ya kumbura ya yi ruwa. Baƙaƙen sartse sun fi goma a ciki, sirara kamar allura, kowanne da farar mugunya a bakinsa. Wari ya tashi. Wanda ke kusa ya ture kwanonsa.

"Ba ƙayar kurungu ba ce, Baba," in ji Zulai. "Sartsen giginya ne."

Baba ya gyaɗa kai. "Tsumma nike naɗewa ga hannu kahin in ja shi. Kowace shekara ina kiranka ka zo ka gani, kana wajen taro."

Haliru ya fashe. "To na cire! Ni na cire! Shekara arba'in da ɗaya kana gadin kifi, Baba, me muka samu? Ɗakinka na yoyo. Idonka ya mutu ba mu iya kai ka asibitin kirki ba. Masu jan dala a ɓoye sun gina benaye, mu muna gadin itace. Sau ɗaya aka ce ɗan gidanmu zai zama wani abu. Sau ɗaya!"

"Ka zama, Haliru. Ga shi kowa ya gani."

Haliru ya juya baya.

Malam Sulaiman ya taso da sauri yana goge hannu da gefen rawani. "A rufa asiri, jama'a, a rufa asiri. Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne. Idan maganar nan ta fita, yaran nan za su ɗora ta a waya, shi ke nan tafiyarmu ta rushe."

Honorabul ya matso ya rage murya. "Sarkin Ruwa, abin da ya faru ya faru. Kwana tara ana ja, ba ka iya mai da kifi ruwa. Gobe ka fito bakin kasuwa ka ce kai ka buɗe lungu da kanka. Ka tsare mutuncin ɗanka, ka tsare namu. Masunta bayanka suke, matan banda bayan ɗiyarka suke. In kun ce mu, an gama."

"In na ƙi?"

Alhaji Ɗanbaba ya miƙe. Durƙuson ɗazu duk ya tafi.

"In ka ƙi, to a gaskiya an daɗe ana magana. Wanda ba ya ganin ruwa ba ya sarautar ruwa. Ga ɗanka nan, jininka ne, ya riga ya iya cire turke."

Ba wanda ya ce kul. Maza ashirin, duk masu furfura, duk sun taɓa cin kifin Lungun Uwa a shekarar yunwa. Wannan ya kalli darduma. Wancan ya kalli ruwa. Ɗaya ma a hankali ya sake miƙa hannu cikin faranti.

Baba ya saki turken. Ya ja da baya taku biyu, ya fita daga inuwar rumfa, rana ta sauka a kansa.

"Zulai."

"Na'am, Baba."

"Cire shi. Yau za ya koma wurinsa, kahin magariba."

Wuri ya ruɗe.

"Mace?" in ji Malam Sulaiman. "Sarkin Ruwa, tun da aka kafa garin nan mace ba ta taɓa taɓa turke ba! Wannan ya saɓa al'ada!"

"Ɗazu ka ce icce na kawai, Malam."

"Amma..."

"Jinina ta. Naɗe hannunki, ɗiyata. Kama ƙasa, kusa da tsagar kakanki. Kada ki fizga. Girgiza shi gaba da baya har ƙasa ta saki."

Zulai ta cire gyalenta a gaban mazan nan duka. Ta naɗe hannu biyu. Ta durƙusa ta kama.

Gaba. Baya.

Ƙurar zana ta zubo daga sama ta sauka a kan farantan ƙwai.

"Ke, rumfar za ta faɗo mana!" in ji Honorabul, yana tattare riga yana neman takalmi.

Gaba. Baya. Ƙasa ta fara tsagewa a gindin turken.

Alhaji Ɗanbaba ya ɗaga murya. "Ku rufe ƙofar lambu! Ba mai fita da itacen nan!"

Ta ji ƙarar sakata daga nesa.

Sai wani hannu ya sauka a kan turken, sama da nata. Hannu ne mai kumburi, mugunya na gangarowa ta wuyansa.

"Saki, Zulai," in ji Haliru a hankali. "Don darajar Innarmu, saki. Ba ki san mutanen nan ba."

Ta ɗaga kai ta kalli yayanta. Ta waiwaya ta kalli Baba, yana tsaye shi kaɗai a rana, kunnensa a wajenta.

Ta ce, "Yau na san su, Yaya."

Ta dafe ƙafa a ƙasa, ta ja da duk ƙarfinta.

Rumfar ta yi ƙara.